Kwalbar da Na Bari Ta Daskare

Unguwar Al-Oud, Riyad
Ranar Juma'a da hantsi

Zuwa ga 'yata Saratu, uwata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mamarki da ƙannenki. Allah ya tsare mini ke a hanyar da za ki kama, ya kai ki Tudun Kanya lafiya, ya raba ki da direba mai gaggawa da kogin da ya cika. Ni ma ina nan lafiya, sai zafin garin nan da ba ya jin lallashi, sai kuma gwiwata ta hagu da har yau ba ta yafe mini hawan babur na shekarun baya ba.

Yau ba aiki. Habu da sauran abokan ɗakina sun yi wanka sun tafi masallaci da wuri don su samu wuri a inuwa, ɗaki ya zama nawa ni kaɗai. Kin san ubanki ba marubuci ba ne, rabona da in cika shafi guda tun ina neman auren mamarki. Amma abin da ke cina ba zai faɗu a waya ba, na gwada na kasa.

Ranar Talata da kika kira ni, kika ce matan zumunta na ƙauyenmu sun haɗa kai sun sayi uwayen aladu, aladun sun haihu, kuma ke suka roƙa ki je ki zauna da su ki kula da 'ya'yan tunda kin gama makarantar lafiyar dabbobi. Na ji daɗi har na miƙe tsaye da waya a kunne. Sai kika ƙara da cewa, "Amma Baba, sun ce komai zan yi in yi, ban da allurar rigakafin ciwon huhu. Wai an taɓa yin ta a garin, aladu suka ƙare. Mama Asabe ce ma kan gaba wajen ƙi. Kai ka san wace allura ce wannan?" Na ce miki sabis ba shi da kyau, na kashe waya. Sabis lafiyarsa ƙalau, Saratu. Ni ne bakina ya mutu.

Ga yadda nake ganin abin daga nan. Marka tana tafe, kuma ni na san abin da sanyin marka yake yi wa ɗan alade da aka yaye. In kin bi matan nan kin bar allura, tari zai shiga garke, su ce yarinyar Bitrus ba ta iya komai ba sai riƙe takarda. In kuma kin matsa kin yi allurar ba da son ransu ba, ko ɗaya ne ya faɗi saboda wani dalili can daban, za su ce kin zo kin ƙarasa abin da aka fara. Aikinki na farko ke nan a duniya, kuma tun ba ki sauka daga mota ba an riga an tare miki ƙofa. Wanda ya tare ta kuwa ni ne. Ki zauna ki karanta a hankali, kada ki karanta kina tsaye kina haɗa kaya kamar yadda kika saba.

A lokacin da aka yi waccan allurar kina goye a bayan mamarki, muna zaune a Tudun Kanya. Akwai malamin dabbobi a garin, Malam Ishaya, mijin Mama Asabe. Gajere ne, mai magana a hankali kamar yana ƙirga kalmomin kafin ya sake su. Kowace damina tari yakan kwashe 'ya'yan aladun mata, waɗanda suka tsira kuma su tsumbure, su yi ta ci ba sa girma. Malam Ishaya ya yi wata da watanni yana bin matan gida gida, yana yi musu bayanin cewa ƙwayoyin cuta ne ke kama huhun, kuma akwai allurar da ake yi wa ƙanana tun ba su kamu ba. Da ƙyar suka yarda. Ni kuma a lokacin ni kaɗai ne mai babur mai lafiya a garin, ina ji da kaina ƙwarai. Sai ya aike ni birni in karɓo maganin.

Kuskurena na farko a ƙofar gidansa na yi shi. Ya ba ni kula da ƙanƙara a ciki, ya tsaya yana yi mini bayanin yadda zan ajiye kwalaben. Ni kuwa ina kan babur ina ta buga kiki, ina cewa, "Na sani, Malam, na sani." Ƙarar inji ta cinye rabin maganarsa. Abin da ya shiga kunnena kawai shi ne, "a sanyi." Sauran na bar masa a ƙofar gida.

Don haka ki ji ni. Duk wanda ya tsaya zai yi miki bayani a kan magani, ko likita ne ko mai shago, ki kashe komai ki saurara har ya kai aya, sannan ki maimaita masa abin da kika ji. Kuma ki karanta takardar da ke cikin kwalin, duk da ƙananan rubutun nan masu sa ciwon ido. Ita za ta faɗa miki kwana nawa ɗan alade zai yi kafin a yi masa, da yawan da za ki ja a sirinji, da ko sau ɗaya ake yi ko sai an maimaita. Magungunan ba iri ɗaya ba ne, kada ki ce ai haka aka koya mana a makaranta. Na san halinki, nawa kika ɗauko. Tun kina aji uku kike ƙarasa wa mutane magana.

Na dawo da kwalaben da yamma, sai na tarar an zo an ɗauki Malam Ishaya zuwa wata ruga, shanu ba lafiya, sai bayan kwana biyu. Na buɗe kula, ƙanƙara ta fara zama ruwa. Garinmu ba wuta. Sai dabara ta faɗo mini, har ina yaba wa kaina. Na koma kan babur zuwa bakin titi, wurin wani mai sayar da ƙanƙara da ke da janareta. Na ce masa, "Sa mini wannan a firiza, can ƙasa, inda ya fi ko'ina sanyi. Magani ne, ba a wasa da shi." A tunanina tunda an ce sanyi, to duk yadda sanyin ya ƙaru, amfanin ƙaruwa yake yi. Da na je ɗauka bayan kwana biyu, kwalaben sun daskare kamar dutse. Na jera su a kan tankin babur a rana, ina shan rake, har suka narke.

Saratu, irin wannan rigakafin sanyi yake so, ba daskarewa ba. In ya daskare ya mutu, ko da ya narke ya koma kamar lafiyayye a ido. In kin samu firij, ki sa shi a tsakiya, ba a jikin ƙofa ba, ba kuma can baya jikin bango inda ƙanƙara ke taruwa ba. A cikin kula kuma kada kwalba ta taɓa ƙanƙara kai tsaye, ki raba su da kwali ko tsumma mai tsabta. Ki nemi ɗan ma'aunin sanyi ki jefa a ciki, in babu a can ki faɗa mini in aiko miki da shi ta hannun masu zuwa gida. Abin da ya fi duka, tunda har yau wutar Tudun Kanya sai a hankali: ki fara tsayar da rana da matan, ki san 'ya'ya nawa za ki yi wa, sannan ki je ki ɗauko daidai na ranar. Kada magani ya zauna yana jiran mutane. Kwalbar da kika huda kuma ta ranar ce, ragowar ba ta gobe ba ce, ko da zubarwar za ta yi miki ciwo.

Har zuwa nan zan iya cewa jahilci ne, kuma da a nan abin ya tsaya da tuni na ba ki labarin muna dariya. Amma da Malam Ishaya ya dawo, ya ɗauki kwalba ɗaya ya girgiza, ya ɗaga ta sama yana kallo a haske. Na ga ya daɗe. Maganin ya ɗan tsinke, kamar nonon da ya kwana. Ya juyo ya ce, "Bitrus, ina ka ajiye su?"

Na ce, "A sanyi, Malam, kamar yadda ka ce."

Ya ce, "Ba su dai daskare ba ko?"

Daga yadda ya yi tambayar na sha jinin jikina. A waje kuma ga mata sun taru da kwanduna, kowace da 'ya'yan aladunta suna ta ihu, an yi wata ana jiran ranar nan. Na tuna yadda na yi ta cika baki a dandali cewa ni na kawo maganin. Sai na ji bakina ya ce, "A'a, Malam. Haba." Ya ƙara kallon kwalbar, ya kalle ni, ya ce, "To, ƙila girgizar hanya ce." Ya yarda da ni fiye da idonsa, domin tare muke zama a benci ɗaya a coci.

Ban san yadda zan ba ki shawara a kan wannan ba tare da kunya ta rufe ni ba, amma dole in faɗa. Za ki yi kuskure a aikin nan, babu makawa. Ranar da kika yi, ki faɗa a ranar, tun yana ƙarami. Da na ce "e, sun daskare," da Malam ya yi mini faɗa, da mata sun yi mini tsiya na sati biyu, da na koma birni na sake ɗaukowa. Shi ke nan fa abin da nake gudu. Kuma in idonki ya ga magani ya canja kama, ki yarda da idonki, ko wa ya rantse miki. Ko ni ne.

Ban tsaya nan ba a ranar. Malam ya ce 'ya'ya masu lafiya kawai za a yi wa, duk mai tari ko zazzaɓi a ware shi gefe a ba shi magani daban. Matan kuwa masu tarin suka fara turowa gaba, domin a ganinsu mara lafiya shi ya fi bukatar allura. Wa zai ga laifinsu? Malam ya ƙi, suka yi ta gunaguni. Da ya shiga wani gida wanke hannu, wata gwaggona ta riƙe mini riga tana cewa, "Ɗan nan, kai ma ai ka iya. Dubi yadda yake numfashi. Tsira masa mana." Na ɗauki sirinji na tsira wa masu tari uku, sannan na mayar da allurar inda take. Da wannan allurar Malam ya ci gaba da yi wa masu lafiya, na wannan gida bayan na wancan, bai sani ba.

Za su yi miki irin wannan roƙon, Saratu, kuma da sunan kakarki za su kira ki don zuciyarki ta yi laushi. Ki tsaya a kan bakanki cikin ladabi. Rigakafi katanga ce da ake ginawa kafin ɓarawo ya zo, ba ya korar cutar da ta riga ta shiga. Mai tari ki ware shi, ki nemi shawarar likita a kan maganin da ya dace da shi. Ki tafi da allurai masu yawa, gajeru na ƙananan dabbobi, ki canja daga ɗaki zuwa ɗaki, kada ta gidan wannan ta shiga gidan wancan. A naman wuya za ki yi, bayan kunne, wani babba ya riƙe miki ɗan aladen da kyau. Wanda kika yi wa ki shafa masa alama a baya, domin 'ya'yan uwa ɗaya kamarsu ɗaya, da kin juya sun cakuɗe. Kuma sirinjinki kada ya bar hannunki ya shiga hannun wani mai kirki irina.

Marka ta zo a shekarar da ƙarfi. Kafin lokacin allura ta biyu ya yi, tari ya riga ya cika gari. Ba zan manta ƙarar ba, busasshen tari daga kowane gida in ka bi ta lungu da safe. 'Ya'yan suka daina cin dusa, suna kwance suna numfashi da ciki, wasu wuyansu ya kumbura inda aka yi allurar. Sai suka fara mutuwa. Matan da aka ce musu sun sayi kariya suka ga sun fi kowace shekara asara. Me kike so su ce? Suka ce allura ce.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi sujada, suka tare Malam Ishaya a harabar coci. Ba su zage shi ba, da ma zagin ne da ya fi sauƙi. Wata tsohuwa ce ta ce masa, "Malam, mun ba ka amana." Shi ke nan abin da ta ce. Ya tsaya riƙe da hularsa. Ya ɗago ido yana duba mutane, har idonsa ya zo kaina. Ni kuwa na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Daga baya da ake hira a dandali ana cewa ƙila jabun magani ya sayo, ban ce e ba, amma na gyaɗa kai. Mutane suka daina kiransa ko kaza ce ba lafiya. Ya ajiye jakarsa ya koma noma. Mu kuma bayan shekara biyu muka tashi zuwa birni, na ce wa mamarki neman aiki ne. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

Shekara da shekaru ina lallashin kaina. Ina cewa wa ya sani, ƙila da ma maganin ba shi da kyau, ƙila daskarewar ba ta yi komai ba. Sai Allah ya kawo ni ƙasar da babu alade ko ɗaya, ya sa ni aiki a ɗakin sanyi na wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, inda ake ajiye rigakafin tumaki da shanu da raƙuma da kaji. Ki duba wannan abu. Kullum da rigar sanyi nake yini, alhali a waje kwalta tana narkewa. Shugaban sashenmu wani likitan dabbobi ne ɗan Sudan, Dakta Usman. Wata rana da safe ya tarar an tura kwali ɗaya ya manne da bakin injin sanyi. Ya ciro kwalba, ya girgiza, ya ɗaga ta sama a haske. Daidai yadda Malam Ishaya ya yi, Saratu, har karkata kan.

Ya ce, "Halas. Wannan ya tashi daga aiki. Duk kwalin a fitar."

Na yi ta maza na ce, "Ya Dakta, in an bar shi ya narke fa? Ai ba a buɗe ba."

Ya ce, "Ya Butrus, in ka yi wa dabba wannan, ka huda ta ne a banza. Mai ita zai tafi gida yana murna, dabba kuwa tsirara take. Wannan ya fi rashin allura muni, domin wanda bai yi ba ya san bai yi ba."

Na ce, "Ko na wace dabba ce?"

Ya ce, "Wace dabba kake nufi?"

Na ce, "Awaki." A garin nan ba a kiran sunan waccan a wurin aiki. Ya yi dariya ya ce irin wannan maganin duk hukuncinsu ɗaya. Na fita na zauna a kan katakon lodi, da rigar sanyi a jikina a cikin rana, ban ma ji zafin ba. A wannan shekarar na ce in na zo hutu zan je Tudun Kanya in durƙusa a gaban Malam. Na zo hutun, na yi ta ɗagawa, yau biki gobe gajiya, har jirgi ya dawo da ni. Hutu na gaba bai zo ba sai da mamarki ta bugo ta ce Malam Ishaya ya rasu. Wannan shi ne kuskurena na ƙarshe a kansa, kuma shi ne wanda ba shi da gyara. Abin da kika san za ki faɗa wa tsoho, kada ki haɗa shi da hutu mai zuwa.

Jiya Habu ya gan ni ina ta juya biro a kan wani shafi da na fara na kasa ƙarasawa. Direban tirela ne, ɗan Gusau, shekararmu huɗu a ɗaki ɗaya, yana sallarsa ina addu'ata. Ya leƙo takardar ya ce, "Kai Bitrus, wallahi in kafili, uban gidanmu da ya kawo mu ƙasar nan, ya ga sunan dabbar nan sau goma a shafi ɗaya, takardar zamanka ta shiga uku." Muka yi dariya. Sai na ba shi labarin duka, shi ne mutum na farko da ya taɓa ji daga bakina. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ni dai ba ruwana da dabbarku. Amma mutumin nan ka zalunce shi. Ya rasu, Allah ya sa ya huta. Matarsa kuwa tana da kunne." Ban ji daɗin maganar ba, na tashi na fita sayen burodi. Amma ga shi yau ina rubutawa.

Kafin in zo kan abin da nake roƙonki, bari in juye sauran abin da ke hana ni sukuni, ki yi haƙuri da tsoho. Allura kaɗai ba ta riƙe garke. Ki shiga ɗakin aladun da kanki ki tsuguna daidai tsayinsu. In warin fitsari ya sa idonki hawaye, to huhunsu ma yana ji. A buɗe wa iska hanya ta sama, a toshe ta ƙasa inda sanyi ke bugun ƙanana, a ɗaga musu wurin kwana ya bushe. Wanda aka sayo daga kasuwa kada ya shiga cikin na gida ranar da ya zo, a ware shi a ga lafiyarsa tukuna, ko da mai shi ta ce ta san uwarsa. Kuma tun kafin ki huda na farko ki faɗa wa matan gaskiya: wani zai yi lamo na yini guda, wani wurin zai ɗan tasa, kuma ko bayan allura ana iya jin tari jefi-jefi, sai dai ba irin mai share ɗaki ba. Abin da kika faɗa tun farko bayani ne. In sai ya faru kika faɗa, ba mai saurarenki.

Ke kanki kuma ki kula mini da kanki. Uwar alade mai shayarwa ba ta san kin yi makaranta ba, a fitar da ita ko a tare ta kafin ki taɓa ɗanta. Ki sa takalmin roba. In tsautsayi ya sa kika tsira wa yatsarki allurar nan, kada ki tsotse ki ce ba komai, ki ɗauki kwalbar ki tafi asibiti a ranar, ki nuna musu. Wannan maganar Dakta Usman ce, kullum sai ya maimaita mana. Kuma ki riƙa cin abinci da safe, na san ki.

Yanzu ga roƙona. Kin ce Mama Asabe ce kan gaba wajen ƙin allura, kuma na ji a muryarki kin ɗauke ta tsohuwa mai taurin kai. Ba haka ba ne. Matar nan ta ga abin da allura ta yi wa mijinta, ta zauna da shi shekaru yana wucewa ta gaban gidajen da a da ake yi masa shimfiɗa. Ina kyautata zaton ke take karewa. Ba ta so a tare ki a harabar coci.

In kin sauka, kada ki fara da garke, kada ki fara da gidan mai unguwa. Ki ajiye jakarki ki tafi gidanta. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda ya kamata, ki bari ta gama tambayar mutanen gida. Sannan ki ce Babanki ya aiko ki da saƙo, ki buɗe takardar nan ki karanta mata tun daga inda na hau babur har zuwa harabar coci. Kada ki tsallake layi ko ɗaya don ki rufa mini asiri. Na san za ki so yin haka, domin ke 'yar kirki ce, amma rufin asirin nan shi ya kai mu inda muke. In ta ce a karanta a gaban matan zumunta, ki karanta. In ta ce a gaban coci duka, ki tsaya ki ɗaga murya. In ta kore ki, ki tashi cikin ladabi, tana da gaskiya, ki koma washegari ki sake gaishe ta.

Na san abin da nake ɗora miki. Za ki shiga garin a matsayin 'yar mutumin da ya yi ƙarya, kuma ni ina nan nesa, ba ni zan ga idanunsu ba. Wannan ma yana cikin abin da ke damuna, har na yi tunanin in yaga takardar. Amma gara su san ubanki ya yi ƙarya da su ci gaba da cewa Malam Ishaya ya kashe musu dabbobi. In sun san abin da ya faru da kwalbar, za su iya yarda da wadda ke hannunki. In ba su sani ba, duk iliminki ba zai buɗe miki ɗaki ko ɗaya ba.

Mamarki ma ba ta sani ba. Zan kira ta da kaina kafin takardar ta iso, wannan ba aikinki ba ne.

Allah ya kiyaye fitarki da shigarki, uwata. Ya sa hannunki ya zama na albarka a kan dabbobin bayin Allahn nan, ya ba ki haƙuri da tsofaffi, ya tsare ki daga ciwo da tsautsayi da sharrin hanya. Ki gaishe mini da ƙannenki, ki ce su yi karatu. In kin ga dama bayan kin karanta ki kira ni, in kuma kina bukatar kwanaki kafin ki iya jin muryata, zan jira, ba zan yi fushi ba.

Abu ɗaya kawai. In Mama Asabe ta yarda ta nuna miki inda aka kwantar da Malam, ki je ki tsaya a wurin a madadina. Ki ce masa Bitrus ya ce e, sun daskare.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Bitrus